Shirun Baba Makau

Jiya wani ya ɗora bidiyon wani tsoho yana barci a bencin tasha, baki buɗe, yana jan minshari, aka ɗora masa kiɗa. Na duba masu dariya a ƙasa, har da waɗanda kullum suke mana wa'azin tausayi. Ban tanka a can ba, don in na fara ba na iya tsayawa. Gara in ba ku labarin Baba Makau. Wanda ya gama karantawa ya koma ya ƙarasa dariyarsa in ta zo masa.

Makau mahauci ne ɗan mahauci, a wata tunga da ke bayan Nasarawa Burkullu. Ba zan kira sunan tungar ba, mutanenta sun watse amma gonakinsu suna nan. Danga ɗaya ta raba gidanmu da nasa. Gajere ne ƙaƙƙarfa, wuyansa kamar turmi, in aka kira shi sai ya juyo da kafaɗu gaba ɗaya. Ranar kasuwa yana yanka, sauran ranaku yana zaune a tukubar tsirensa kusa da masallaci. Kitsen da bai sayu ba ba ya kai gobe, cikinsa yake shiga, yana cewa zubar da shi alhaki ne.

Amma ba da tsire aka fi saninsa ba. Da minshari aka san shi, wanda mu nan muke ce wa hansari. Lokacin zafi da kowa yake kwana a tsakar gida, ta cikin danga muke jinsa. Yana ja kamar injin niƙa da ya haɗiyi tsakuwa, ya hau, ya hau, sai ɗif. Shiru. Can sai ka ji wata irin shaƙa kamar wanda aka tsamo daga gulbi, sannan a koma farko. Unguwa duk ta saba, yadda ake sabawa da kukan jakin maƙwabci.

Matarsa Amariya. Sunan da aka kira ta da shi ranar da aka kawo ta ne ya bi ta har furfura. Siririya ce marar yawan magana. Mata suna yawan tsokanarta wurin daka, wai ita da wane kunne take barci kusa da wannan inji. Innata ta ce wata rana ta gaji da su, ta jingine taɓarya ta ce:

"Ku hansarin ku ka ji. Ni ba shi ka hana min kwana ba, in shina yi na san shina da rai. Shirun ka tashe ni."

Matan suka yi dariya suka ci gaba da daka. Inna ce kawai ta bi ta da tambaya daga baya, shi ne ta gaya mata. Da zarar ya yi ɗif, sai ta zungure shi da gwiwar hannu a haƙarƙari, ta tura kafaɗarsa ya juya gefe, sannan ta juya ta tokare bayansa da nata don kada ya koma rigingine. Tun tana yi da tsoro har ta koma yi cikin barci, jikinta ne yake yi ba ita ba. Shi kuwa bai san ana yi ba. Har ƙararta yake kawowa a tukuba, wai matar nan shuri gare ta cikin barci kamar akuya, kullum sai ya tashi da tsamin haƙarƙari.

Ta rasu daminar 2014, zazzaɓi na 'yan kwanaki. 'Yarsu ɗaya, Saude, ta riga ta yi aure a Gummi. An yi masa maganar wata bazawara a tungar gaba, da ta ji wane ne sai ta ce ita tana son barcinta. Makau ya ce shi ma ba ya so. Ya rufe ɗakin Amariya, ya koma zaure shi kaɗai.

Daga nan ya fara lalacewa a gaban idonmu. Yana tashi da ciwon kai kamar an ɗaure masa goshi da igiya, baki a bushe. Yana cikin ciniki, wuƙa a hannu, sai ka ga kansa ya sunkuya. An taɓa barinsa a sujada, aka sallame aka yi addu'a aka fara fita, shi yana nan. Tsire ya riƙa ƙonewa. Mutumin da yara suke rububin zama kusa da shi don gutsuren tumbi ya koma mai faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Kowa da fassararsa. Wasu suka ce baƙin cikin matarsa ne, wasu suka ce dannau ne ke hawansa, aka yi rubutu aka yi turare. 'Yan gaba-gaba kuwa suka ce lalaci ne kawai, mutumin da ake jin barcinsa har bakin rijiya ta yaya zai ce barci bai ishe shi ba?

Saude ce ta zo ganin gida, ta same shi yana gyangyaɗi hannun rigarsa na hayaƙi a bakin tukuba. Washegari ta sa shi gaba zuwa asibiti a Gummi. Ita ta ba ni labarin abin da ya faru. Likitan ya auna jini ya ga ya hau sosai, ya leƙa maƙogwaro, ya dubi kaurin wuyan, ya yi ta tambayoyi kan barcin rana da yawan tashi fitsari. Sannan ya ce:

"Baba, wa ke kwana kusa da kai?"

Makau ya juya ya kama kallon ƙofa. Saude ce ta amsa cewa tun da uwarta ta rasu babu kowa.

Likitan ya yi musu bayani a hankali. Ya ce in mutum ya yi barci naman maƙogwaronsa yana saki, harshe ya zame baya. Ga mai ƙiba da kaurin wuya, ko mai toshewar hanci, ko wanda shekaru suka fara ja, hanyar iskar takan matse, shi ne ƙarar da ake ji. Wani lokaci kuma ta rufe ruf, numfashi ya tsaya, har sai jiki ya firgita ya fizgo shi. Haka za a yi ta yi har gari ya waye, mutum bai sani ba. Yana kwance amma bai huta ba, zuciyarsa kuwa tana aikin ƙarfi, shi ke kawo hawan jini. Kwanciya rigingine ita ta fi rufe hanyar.

Makau bai sha wahalar ganewa ba. Mutumin da ya shekara yana yanka ya san cikin wuya. Ya ɗora yatsa ƙasan haɓarsa ya ce ya san wurin, wannan nama mai taushi na bayan harshe. Likitan ya ce shi fa.

Magani kuma, ya ce akwai na'ura da ake sa wa mutum a hanci tana hura masa iska yana barci, ita ce ta fi aiki, amma sai manyan asibitoci, kuma wuta take so kullum. Saude ta ce nan ta kusa yin dariya, tungar da ko turken wuta ba ta taɓa gani ba. Akwai abin da ake sa wa a baki ya riƙe muƙamuƙi gaba, akwai kuma aikin tiyata ga wanda aka bincika aka ga ya dace da shi. Wanda yake hannunsu dai shi ne ya rage kitse ya rage jiki, ya sha maganin hawan jininsa, kada ya kuskura ya sha ƙwayar barci, ya ɗaga kai da matashi, kuma ya kwana a gefe ko ta halin ƙaƙa. Ya ce wasu suna ɗinka wani abu mai tauri a bayan rigar barci, da sun juya rigingine ya soke su su koma.

A nan ne Saude ta tuna abin da uwarta take yi, don ita ma ta sani, ta faɗa wa likitan a gabansa. Likitan ya ce ai ita ce ta riƙe shi duk shekarun nan. Makau bai yi magana a tasha ba, bai yi a mota ba, sai da suka bar kwalta suka hau hanyar ƙasa ya ce, ba da ita yake ba:

"Ashe ba shuri na ba."

Saude ta ɗinka masa aljihu a tsakiyar bayan wata tsohuwar taguwa, ta cusa goruba biyu ta ɗinke baki. Ya rage kitsen, ban ce ya bari ba. Abin ya yi sauƙi, ba warkewa ba, amma ya daina barci a sujada. Yara suka sa masa mai ƙusumbin dare, ya ce su je su tambayi ubanninsu wa ya feɗe ragon sunansu. Haka aka lallaɓa shekaru.

Sai daminar 2018, ɓarayin daji suka matso yankinmu. Wannan kun ji a rediyo. Abin da ba ku sani ba, ku na birni, shi ne yadda ake kwana. Da an yi magariba a ci tuwo a tsaitsaye, a kashe wuta, kowa ya naɗe tabarma a shige cikin dawa, lokacin ta fi mutum tsawo. A kwarin kunya, tsakanin layukan dawar, ake kwanciya, mata da yara a tsakiya, maza a kewaye. Ba fitila, ba rediyo, waya a kashe. Mai goyo tana kwana da nono a bakin jariri. Mai tari ya cusa bakin zani ya yi abinsa. Duk dabarar ita ce kada a ji ku.

Yanzu ku sa Makau a ciki. Ya zo da taguwar gorubarsa, Allah ya sani ya zo da ita. Amma kwarin kunya rigingine yake kwantar da mutum, ƙasar damina kuma taushi gare ta, gorubar ta nutse ciki ba ta soki kowa ba. Ya kama ja. Na kusa da shi ya taɓa shi, ya yi shiru, ya sake kamawa. Ranar babu wanda ya runtsa, mata suna ta salati ƙasa-ƙasa.

Da safe Ɗanmusa ya sami Makau a zaure. Shi ne shugaban samarin da ke gadin tunga, kuma kada ku ɗauke shi mugu, yana da 'ya'ya ƙanana a cikin dawar nan. Ya durƙusa ya cire hula, ya daɗe yana gaisuwa kafin ya iya faɗa.

"Baba, Allah ya sani ba raini na ba. Akwai ƙanana cikinmu."

"Gaskiyarku," in ji Makau. "Ina ku ka so in kwan?"

Akwai wata tsamiya a bakin rafi, nesa da gonaki, inda ko ya yi ƙara ruwa zai cinye rabi, in ma an ji shi to shi kaɗai za a samu. Wannan na ƙarshen ba wanda ya faɗa da baki, amma kowa ya san da shi. Ina tuna shi da yamma, duk tunga ta nufi gabas da tabarmi a ka, shi ɗaya ya nufi yamma, gorubar nan ta turo a bayansa.

A gindin tsamiyar ya tarar an riga shi. Hammadu ne, wani dattijon makiyayi da rugarsu take gefen tungarmu tun ba a haife ni ba. Sun daɗe suna hulɗa, in saniya ta karye a rugar Makau ake kira. Ɓarayin nan su suka kore masa garke kaf tun farkon shekara, 'ya'yansa suka kwashe matansu suka yi gaba, shi ya ƙi bin su, wai shanu sun san hanyar gida, wata rana wasu za su kuɓuto. Amma tunda abin ya yi zafi, tunga ta daina yarda da duk mai sanda. Ba wanda ya ce ya ga Hammadu ya yi wani abu. An dai daina amsa masa sallama da kyau, kuma ba a gaya masa gonar da ake kwana ba. Rugar ma ba ta kwanuwa, ya dawo gindin itace.

Da Hammadu ya hango Makau sai ya ce, "Barunje, kai ma an koro ka? Mi ka sata?"

Barunje shi ne mahauci a bakinmu. Makau ya jefar da tabarma ya ce, "Ardo marar nagge, matsa in zauna."

Makau ya gargaɗe shi tun da wuri cewa ba zai samu barci ba. Hammadu ya ce dama ba ya samu. Ya ce shi tun yana yaro cikin numfashin shanu yake kwana, tuƙarsu da nishinsu, tun da aka kore su shirun rugar ne ya hana shi runtsawa. Abin mamaki, da Makau ya kama ja, sai tsohon ya ji kamar bajimi ne ya kwanta kusa da shi, barci ya ɗauke shi. Kuma barcin makiyayi ne, kunne ɗaya a buɗe. Da ƙarar ta yanke sai ya farka, ya miƙa sandarsa ya zunguri haƙarƙarin, ya tura har mutumin ya juya. Ba wanda ya koya masa. Ya ce saniya ma in ta kwanta ba daidai ba ta kasa numfashi ai juya ta ake yi, ba a tsayawa kallo.

Makau ya tashi da tsamin haƙarƙari, kai wasai. Ya daɗe zaune yana shafa wurin.

Haka suka yi makonni. Tun la'asar sakaliya Makau yake rufe tukuba ya ƙunshi ragowar tsire a takarda, Hammadu ya dafa ganyen shayi a gwangwani kafin duhu ya hana hura wuta. Su yi ta musu kan wata saniya da Makau ya saya shekarun baya, shi yana cewa ƙashi aka sayar masa, wancan yana cewa kyauta ya ba shi don tausayi. In musun ya ƙare su zauna suna kallon ruwa. Makau ya gaya wa Innata cewa tun rasuwar Amariya bai taɓa barci irin na gindin tsamiyar nan ba, ga sauro, ga tsoro, ga saiwa a ƙarƙashin tabarma.

Da labari nake ƙirƙira da a nan zan tsaya. Amma Makau mutumin cikin jama'a ne, a kasuwa ya girma. Tafiyar nan ta yamma shi kaɗai tana ci masa rai. Ga shi an fara ƙus-ƙus, wai me suke tattaunawa da Hammadu a bakin rafi? Masu zama a tukubarsa suka ragu. Mutum ya sayi tsire ya tafi da shi gida maimakon ya zauna a benci.

Ɗanmusa ne ya zo da shawara, kuma da kyakkyawar niyya ya zo. Tsofaffi sun zauna sun ce beli ne. Kun san beli, ɗan naman nan da ke reto a ƙarshen ganɗa, wanda wanzami yake cire wa jarirai. Suka ce wanzamin da ya yi wa Makau nasa bai cire duka ba, shi ne ya yi toho. Aka kira wanzamin tunga ya danne masa harshe ya leƙa, ya ce ai ga shi nan har yana taɓa harshe. In an yanke, ƙarar ta tafi, Baba ya dawo cikin mutane.

Makau bai manta da maganar likita ba, ya san aikin wuya na asibiti ne kuma sai an bincika. Ya kai maganar gindin tsamiya. Hammadu yana kankare sandarsa da 'yar wuƙa ya ce:

"Kai da ka san wuƙa, kai za ka miƙa ma wani wuyanka?"

"Ina son in kwan cikin mutane, Ardo."

Hammadu bai ce shi ma ai mutum ne ba. Ya ci gaba da kankarar sandarsa, can ya ce Allah ya ba da sa'a.

Da hantsi aka yi, a zaurensa. Jini ya zuba fiye da yadda wanzamin ya zata, wuyan ya kumbura, ya yi kwanaki ba ya iya haɗiyar komai sai ruwan kunu, magana da hannu. Allah ya sa da sauran kwana. Da ya warke, Ɗanmusa ya sa mutum biyu suka zauna a ƙofar zaure lokacin da Makau yake barcin azahar. Suka kasa kunne suka ji ɗan huci kawai, kamar tukunya ta fara tafasa. Tunga ta ɗauki murna. Wanzami ya riƙa tafiya yana wasa da zabirarsa. Da yamma Makau ya naɗe tabarma ya bi sahun mutane gabas, yara suna riƙe masa buta.

To ga abin da ba wanda ya sani a lokacin, ni ma sai daga baya na je na tambaya a asibiti. Beli yana cikin abin da ke kaɗawa ya yi ƙara, in an cire shi ƙarar tana iya raguwa. Amma abin da ke toshe iskar yana can ƙasa, bayan harshe, wuƙar wanzami ba ta kai can ba. An cire ƙararrawar ne aka bar ciwon.

Abin da ya faru a cikin dawar kuwa, Makau ne ya ba ni da bakinsa. Ya ce ya farka gab da asuba ƙirjinsa kamar an ɗora dutsen niƙa, yana neman iska babu, hannu ya ƙi ɗaguwa, wandonsa a jiƙe. Dama da shi mutum, hagu da shi mutum, kafaɗa na taɓa kafaɗa, kowa yana barcinsa. Da ƙyar ya mirgina ya dafa kunya ya shaƙo numfashi. Da gari ya waye na kusa da shi ya dafa shi yana fara'a ya ce:

"Baba, jiya ko motsinka ba mu ji ba. Ka warke."

Ya ce ya amsa da alhamdulillahi, me zai ce? Aka ƙara kwanaki a haka. Ciwon kai ya dawo, gyangyaɗi ya dawo, wata rana ya kife a bakin tukuba gaushi ya ci masa damtse, tabon yana nan har yau. Ya roƙi wani cikin masu kwana kusa da shi ya riƙa taɓa shi in ya ji shiru ya yi yawa. Mutumin ya ce to, Baba, amma ai yanzu duk shiru ne, ta ina zan gane? Kuma gaskiya ya faɗa.

Ranar da ya ƙone, bai jira kowa ba. Ya ɗaure hannun da tsumma, ya ƙunshi tsire, ya nufi yamma tun rana ba ta faɗi ba. Ya tarar da toka ta yi sanyi, ruwan sama ya ma daddaɓe ta. Gwangwanin shayi babu, buzun sallah babu. Sandar ce kawai, an sagale ta a tsakanin rassan tsamiyar daidai inda Makau yake shimfiɗa.

Makiyayi ba ya barin sandarsa. Wata mai neman itace ta ce ta ga Hammadu kwanakin baya ya kama hanyar yamma, hannu biyu a baya. Wasu suka ce ya bi 'ya'yansa ne, wasu suka faɗi abin da ba zan rubuta ba. Ba wanda ya nemi sanin gaskiya sai Makau, ya bi tsofaffin rugage yana sallama a bukkokin da ba kowa. Bai koma cikin dawa ba, duk da yanzu ba mai hana shi. A gindin tsamiyar ya ƙarasa daminar, a zaune, bayansa jikin itace, sandar a hammata ta tokare ƙasa, in jikinsa ya saki ya zame sai ta soke shi ya farka.

Bayan girbi ɓarayin suka shiga tungar da ke kusa da mu, sai tamu ta watse ba a jira ba. Kowa ya bi inda yake da dangi. Makau yana Gummi yanzu, a zauren gidan mijin Saude, kusa da wani injin casar shinkafa. Ya rame, wuyan nan ya zube, abin da likita ya nema a yi da dabara gudun hijira ya yi shi da ƙarfi. Numfashin ya ɗan yi sauƙi saboda haka, yana kuma karɓar maganin jininsa. Na'urar nan har yau bai gan ta da ido ba. Yana barci a jingine da buhunan shanshera, shinkafar da ba a casa ba, da taguwar gorubarsa da Saude ta sake wa ƙyalle. Ita matar aure ce, ba za ta kwana a zaure ba. Ta ce takan fito ta tsaya bayan ƙofa ta kasa kunne, amma yanzu ba abin ji sosai, sai ta yi ta tsayuwa ba ta san ko barci yake ba ko wani abu, har sai ta yi gyaran murya ya motsa.

Ku da kuke dariya, in akwai mai jan irin wannan a gidanku, wanda yake hawa ya yanke ya dawo da shaƙa, ba barcin daɗi yake ba. Ku juya shi gefe, ku kai shi asibiti, kuma kada ku bari kowa ya sa masa wuƙa a zaure. Ya isa haka.

Duk ranar kasuwa Makau yana zuwa kara, inda ake cinikin shanu. Ba ya saye, ya bar yanka. Yana bin makiyaya ɗaya bayan ɗaya da sandar a hannu yana tambaya. Wasu su amsa, wasu su yi masa kallon tsoro su matsa, don zamanin nan ba a son mai tambayar inda wani yake.

Makon jiya na je gaishe shi. Ya ga ina latsa waya, ya tambaye ni ko abin da nake rubutawa yana kaiwa ruga. Na ce wani lokaci, 'ya'yansu suna da waya. Ya gyara zama ya ce to in rubuta. Hammadu, dattijo, dogo, fari, haƙorinsa na gaba ɗaya a karye tun da wata karsana ta harbe shi, yana ɗan jan ƙafar hagu, rugarsu da tana bayan Nasarawa Burkullu. Wanda ya san inda yake ya gaya masa Barunje yana Gummi kusa da injin casa. Sandarsa tana nan, ana shafa mata mai, ba ta tsage ba.

Na karanta masa ya saurara. Na ce in ƙara wani abu? Ya dubi zauren, sannan ya ce:

"Ka ce mashi akwai wurin tabarma."